Hanya Daga Keken Ɗinki Zuwa Ƙofar Baya

Ranar Asabar

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya kunnen? Da yana jin waya da ban zauna ina ɓata takarda ba. Tunda sai an rubuta maka, to ka gyara tabarau, domin na tafka ɓarna kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Ka san wata biyu ke nan ina koyar da Turanci a masana'antar ɗinkin riguna. Mata ashirin da huɗu aka ware mini cikin ma'aikata kusan ɗari uku. Kullum minti arba'in bayan abincin rana, a ɗakin cin abinci, tebura ko gama bushewa ba su yi ba. Wai masu sayen kayansu za su zo daga ƙasar waje su duba wurin, ana so a samu waɗanda za su iya amsa musu magana.

Ka san yadda nake koyarwa, tunda shekara ashirin kana yi mini ba'a a kai. Ba na cika allo da rubutu. Bibbiyu nake haɗa su, in ba su abin da za su tattauna, kowane minti biyar a canza abokiya. Ni kuma ina zagayawa da wayata ina ɗaukar murya, murya kawai, don sun ce ba sa son hoto. In na koma gida in saurara, in san inda kowacce take tuntuɓe.

Akwai wata a cikinsu, Mai Maɓalli ake ce mata, shekara goma sha huɗu tana kan keken sa maɓalli. Mako bakwai ban ji ta haɗa kalma uku ba. In aka haɗa ta da wata sai ta yi ta murza bakin mayafinta har lokaci ya ƙare. Na yi lallashi, na yi barkwanci, na yi kamar zan yi fushi, shiru.

Ranar Litinin muna kan kwatancen hanya: dama, hagu, miƙe, sauka. Na ce kowacce ta kwatanta wa abokiyarta hanya daga kekenta zuwa waje. Aka haɗa ta da wata mai baki kamar an kunna, Rediyo suke kiranta. Ina wucewa sai na ji Mai Maɓalli ta buɗe baki. Da Turanci, Yaya, tiryan-tiryan. Ta ce ki miƙe, ki yi hagu wajen masu guga, ki wuce dilolin yadi, ki sauka matakala, za ki ga ƙofar baya. Sai ta ce a nan za ki tsaya, don akwai sarƙa da kwaɗo a jikinta wata uku ke nan. Rediyo ta tambaye ta wa ke da mukulli. Ta ce ba wanda ya sani. Ta ce in wuta ta tashi a gaba, a bakin ƙofar nan za a kwashe mu.

Ka san abin da ƙanwarka mai digiri biyu ta ji? Na ji tambayar da ba ni na sa a yi ba, na ji amsar da ba haddace ta aka yi ba. Na ji ta sa kowace kalma a muhallinta. Saura kaɗan in yi guɗa. Sarƙar kuwa ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan.

Manaja dama ya sha ƙorafi cewa ajina surutu ne kawai kamar tasha, bai ga abin da ake koya ba. Jiya da zan aika masa rahoton wata sai na ce bari in rufe masa baki. Na zaɓi murya biyar mafi kyau na tura masa. Ta Mai Maɓalli na sa a farko.

Ko awa ɗaya ba a yi ba ya aiko a kira ni. Na shiga ina gyara mayafi, ina jiran yabo. Ya kunna muryar, ya bari ta kai ƙarshe, ya sake kunnawa. A karo na biyu ne na ji abin da take faɗa, da kunnen mutum ba na malama ba. Wallahi sai da na dafa kujera.

Ya ce, “Malama, aikinki ya yi kyau. Muryar wacece?”

Na ce ban tuna ba, sai na duba. Ya yi murmushi ya ce in duba a hankali, ba sauri yake ba.

Yaya, ita ke riƙe da gidansu, da tsohuwarta da ba ta iya tashi. Ni na takura mata sai ta yi magana. Ta yi, na ɗauka da hannuna na kai. Me zan yi? Ka ba direban da ya kawo maka takardar nan amsa ya taho mini da ita. A gaida Anti.

Ƙanwarka.

*

Ranar Litinin

Zuwa ga ƙanwata Barkono,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, saƙonki ya iso gare ni, na karanta sau biyu. Kunne yana nan yadda kika san shi. Antinki tana amsawa.

Ba zan ce na gaya miki ba, ko da yake na gaya miki. Shekara talatin da biyar na yi a aji, goma sha biyu daga ciki ina hedimasta, ban taɓa jin ɗalibin da ya shiga uku don ya kwafi abin da ke kan allo ba. Ku ne kuka zo da sabon ilimi, wai sai ɗalibi ya faɗi abin da ke ransa. To ga shi ta faɗa.

Abin da ya wuce ya wuce. Ga shawarata, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, ki goge duk muryoyin da ke wayarki yau ɗin nan, kada ki bar ko ɗaya.

Na biyu, mutumin nan bai san muryar ma'aikatansa ba, don irinsa ba sa hira da na ƙasa. Saboda haka zai zo ajinki ya zauna ya kasa kunne. In ya zo, ki ajiye bibbiyun nan naki. Ki tsaya gaban allo ki faɗi jimla, su duka su maimaita tare da ƙarfi, yadda muka yi muku kuna yara. Na san kin raina wannan hanya, kin taɓa ce mini aikin aku ne. To a cikin aku ashirin da huɗu ba mai iya ware ɗaya.

Na uku, ki riƙe bakinki. Na san ki tun kina rarrafe. Kada ki gaya masa abin da kike gani game da shi.

Ki riƙa sanar da ni. Allah ya tsare.

Yayanki.

*

Ranar Alhamis

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ka yi dariyarka, ka ci. Ya zo, kamar kai ka aiko shi.

Ranar Talata ina shiga na tarar da shi a kujerar baya, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, waya a hannu, abin sauraro a kunne ɗaya. Ɗayan kunnen ya bar mana. Kusa da shi ga matar da ke duba aikin layi, wadda in ta wuce ko tari ba a yi. Matan suka shigo da hayaniyarsu, suna ganinsa suka yi tsit kamar an ɗauke wuta.

Na ɗauki alli na danna shi a allo, sai da ya karye biyu. Na rubuta jimla na ce ku maimaita bayana. Suka dube ni kamar na zauce, don ban taɓa yi musu haka ba. Na daka tsawa irin taka, na ce ku duka, tare! Minti arba'in muna abu ɗaya: wannan riga ce, wannan allura ce, rigar fara ce. Na ji kunyar kaina har cikin ƙashi, amma ya yi aiki. Mai Maɓalli tana layi na uku, leɓenta kawai ke motsi.

Da lokaci ya kusa cika ya ɗaga hannu kamar ɗalibi, ya ce, “Malama, ina hirar nan taku ta bibbiyu? Ita na zo ji.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ai kai ka ce surutu ne. Na ɗauki gyara.”

Ka ce in riƙe bakina, to iyakar riƙon da na iya ke nan.

Amma an gane Rediyo. Muryarta ko a cikin rijiya za a gane ta. Jiya aka kira ta ofis, ta yi kusan awa ɗaya. Ta fito ido jawur, ta same ni wajen famfo ina wanke hannu, ta tsaya kamar ita ma wankin take. Ta ce, “Malama, na rantse masa kowane minti biyar kike juya mu kamar waina a tanda, ina zan tuna wadda na zauna da ita? Ya ce in je in yi tunani.” Sai ta ce, ba ta ko dube ni ba, “Ke da kika ce mana abin da aka faɗa a aji na aji ne.”

Na faɗa, Yaya. Ranar farko na faɗa, da bakin nan nawa, don su saki jiki.

Akwai kuma wani abu. Yau ya aiko mini da takarda mai jimla goma, wai su za a haddace kafin baƙin su zo ranar Alhamis mai zuwa. Muna jin daɗin aiki. Ana ba mu hutu. Ƙofofi a buɗe suke koyaushe. Ta bakwai ke nan, na ƙirga. Ashe abin da aka ɗauke ni in yi ke nan tun farko, ni ce ban gane ba, na zo ina koya wa mutane yin tambaya. Rediyo ta ce kowa ya san yadda za a yi: ranar da baƙi za su zo a cire sarƙar da safe, washegari a mayar. Wai yadi ake sacewa ta nan, shi ya sa aka rufe. Yadi, Yaya. An auna yadi da mutum ɗari uku, yadi ya fi nauyi.

Da aka tashi na bi hanyar da kaina, yadda Mai Maɓalli ta kwatanta. Miƙe, hagu wajen masu guga, dilolin yadi sun kai rufi, tsakaninsu mutum ɗaya ne zai iya wucewa, shi ma a karkace. Matakala goma sha shida. Kwaɗon ya kai tafin hannuna. Na taɓa shi. Ko kuskure ɗaya babu a kwatancenta.

Muryoyin na goge. Amma wadda na tura wa manaja tana wurinsa, kuma ni da Mai Maɓalli ba mu haɗa ido ba tun ranar Litinin. In ta hango ni sai ta canza hanya. Ban ga laifinta ba.

Abinci ba ya shiga. Ka yi mini addu'a.

Ƙanwarka.

*

Ranar Asabar

Barkono,

Bayan gaisuwa. Ban yi dariya ba.

Na so a ce shawarata ta ƙare maganar, amma na ga ba ta ƙare ba. Mutumin nan tsoro yake ji, kuma mai iko in yana jin tsoro ba ya tsayawa. Abin da yake gudu shi ne matar nan ta buɗe baki gaban baƙinsa. Zai matsa miki fiye da haka.

Ki saurare ni da kyau. Hanya biyu nake gani. Ko ki ajiye aikin ki taho nan ki zauna da mu har abin ya lafa, ɗakin baƙi yana nan. Ko kuma, in ya kai ga za a cutar da mutane da yawa saboda mutum ɗaya, ki faɗi sunan. Na san yadda wannan magana za ta yi miki. Ina hedimasta an taɓa sa ni irin wannan zaɓi a kan wani malamina da ya rubuta ƙorafi ba suna. Na faɗa. Makarantar ta zauna lafiya. Shi kuma har ya rasu in mun haɗu a hanya yana gaishe ni da ladabi, abin da ya fi zagi ciwo. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har Antinki.

Ban ce daidai na yi ba. Na ce ke ƙanwata ce, kuma ke nake ji.

Yayanki.

*

Ranar Talata

Yaya,

Gaisuwa. Na karanta, na ninke, na sake buɗewa. Na yi niyyar in rubuto maka maganar da za ta hana ka cin abinci kwana biyu. Na fasa, don yau na san yadda aka yi ka faɗa.

Jiya ya kira ni. Wannan karon ba murmushi. Ya ce baƙi za su iso jibi Alhamis da ƙarfe tara. In ya samu suna kafin nan, mutum ɗaya ce za ta tafi, a hankali, ba wanda zai ji. In bai samu ba, baƙi na juya baya duk ashirin da huɗun za su bi ƙofa, ni ce ta ashirin da biyar. Ya ce masu neman aiki suna nan a bakin get kullum safiya, in leƙa in gani.

Na ce masa ai da ya cire sarƙar da duk wannan bai taso ba, kwaɗo ɗaya ne. Ya ce an ɗauke ni koyar da Turanci ne, ba koyar da shi aikinsa ba. Na ce to Turancin ya koyu, shi ya sa muke nan. Ka yi haƙuri, maganar ta fita kafin in kama bakina.

Kuma bai tsaya a kaina ba. Ya sa mai duba layi ta gaya wa matan ajina, don su matsa wa junansu. Yau na shiga aji na tarar da abin da ban taɓa gani ba. Kowacce ta zauna ita kaɗai, an bar kujera tsakani. Matan da nake roƙo su rage murya, yau ko gaisuwata da kyar aka amsa. Wata dattijuwa mai yankan zare ta miƙe ta ce, da Hausa, “Malama, ke kin san ta. Mu ba mu ce komai ba. 'Ya'yana huɗu.” Ta zauna. Rediyo ta sunkuyar da kai tana karce tebur da farce. Mai Maɓalli tana wurinta a layi na uku, ta kafa wa allo ido.

Wata biyu na yi ina rushe shirun nan da hannu, kamar mai tsinke ɗinkin da aka yi ba daidai ba. Cikin mako ɗaya na mayar da shi, ya fi na da kauri. Na ɗauko takardarsa muka hau haddar jimla goma. Da muka zo ta bakwai sai na ajiye takardar. Su suka faɗa ba ni ba.

Muna cikin haka sai ƙauri ya shigo. Wayar wani dutsen guga ce ta narke a sama, ba wani abu ba, nan da nan aka kashe. Amma kafin a ce mana ba komai, Yaya, ka ga idanunsu. Ba wadda ta yi ihu, ba wadda ta tashi da gudu. Duk suka juya suka kalli gefen matakalar baya, sannan suka kalli ƙofar gaba mai nisa, suna lissafi. Kullum da wannan lissafin suke ɗinki. Ni kuwa jiya-jiya na fara yin sa.

Zuwa wurinka ba zai yiwu ba. In na gudu su za a kora, ni ina ɗakin baƙi ina shan shayi. In na faɗa, na kai ta sau biyu ke nan. In na yi shiru, gida ashirin da huɗu. Na karanta littattafai sun fi ƙarfin kabad ɗina a kan yadda ake sa ɗalibi ya yi magana. Ko ɗaya bai ce mini ga abin da za ki yi in ya yi ba.

Ba zan ɓoye maka ba, ɗazu na rubuta sunanta a ƙaramar takarda. Tana cikin jakata. Ban kai ba, ban kuma yaga ba. Gobe Laraba.

Ka yafe mini abin da na so in ce maka.

Ƙanwarka.

*

Laraba da yamma

Yaya, direba zai tashi, ba lokacin gaisuwa. Na tarar da wannan a cikin littafin rajista bayan an tashi aji. Na kwafe maka yadda take. Ban shiga ofishinsa ba.

Malama,

Ina gaisuwa, ya aiki. Ni ce ta layi na uku.

Na ga kin tsaya a ƙofar ofis ɗazu kin dawo. Kada ki sake zuwa. Kada kuma ki ce ba ki sani ba, ba ki iya ƙarya ba, fuskarki tana nunawa.

Suna yake so, zai samu gobe daga bakina, a gaban baƙin, sai ya ƙyale sauran. Na san zai cire sarƙar da safe. Na san inda ake ajiye ta, kuma tsatsarta ta ci jikin ƙofar, zan nuna musu. Na gaya wa tsohuwata. Ta yi kuka, sannan ta ce in sa rigata mai kyau.

Ban yafe miki ba tukuna, amma ba wannan ya sa na rubuto ba. Ki zo bakin get da ƙarfe bakwai, ta gefen masu sayar da ruwa. Ki zama baƙin, ki yi mini tambayoyin da ba sa cikin takardar nan, masu wuya, yadda kike yi. In na yi kuskure kada ki tsayar da ni, in kika tsayar da ni ba zan iya ci gaba ba. Tsoro nake ji sosai.

Ki bar wayarki a gida.

Na gode. Ɗalibarki.